Nihonbashi: Unguwar ƴan kasuwar Tokyo da gobara ta sha cinyewa, amma kantunanta suka haura shekara 300

A manyan hanyoyin da ke shiga Tokyo, babban birnin ƙasar Japan, allunan bakin titi kan nuna wa direba saura kilomita kaza ya iso. Wannan lissafi yana ƙarewa ne a kan wani ƙaramin faifan ƙarfe da aka kafa a tsakiyar titi, bisa wata gada mai tsawon mita 49. Sunanta Nihonbashi, ma'ana gadar Japan, kuma sunan nan ne unguwar da ke kewaye da ita ta ɗauka.

Baƙon da ya zo da ɗokin ganin ta yakan sha mamaki. Gadar tana nan da dutsenta da zakunanta na tagulla, amma tun shekarar 1963 aka kifa mata wata babbar hanyar motoci ta sama, kamar an rufe tukunya da murfi. Wanda ya tsaya a kanta ya ɗaga kai, ƙarfe da siminti zai gani, ga rugugin motoci ba dare ba rana. Yanzu hukumomi sun fara aikin mayar da wannan hanya ƙarƙashin ƙasa. An ƙiyasta aikin zai ci yen miliyar 320, wato sama da miliyar 1,000 na sefa, kuma sai shekarar 2040 ake sa ran kammala shi. Kuɗi ne masu yawan gaske a kan hanyar da ba ta kai kilomita 2 ba, kuma ba kowa ne a Tokyo ya gamsu da hakan ba. Masu goyon bayan aikin kuwa hujjarsu ɗaya ce: a nan aka haifi kasuwancin birnin.

Daga fadama zuwa mahaɗar hanyoyi

Lokacin da Tokugawa Ieyasu ya sauka a wannan wuri a shekarar 1590, garin da ake kira Edo ƙarami ne, kuma gefensa na teku duk fadama ce. Ya sa aka yanki tudu aka cike fadamar, aka haƙa magudanun ruwa domin jiragen kaya. A 1603 ya zama shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da ainihin mulkin ƙasa, shi kuma sarkin Japan yana can Kyoto da sarautar suna. A wannan shekarar aka gina gadar farko da katako, shekara guda bayan haka aka ayyana ta a matsayin mafarin manyan hanyoyi biyar na ƙasar. Mafi shahara ita ce Tokaido, mai bin gaɓar teku zuwa Kyoto, kusan kilomita 490 da zango 53, tafiyar kamar mako biyu a ƙafa.

Abin da ya cika waɗannan hanyoyi da mutane wata doka ce ta 1635. Ta tilasta wa sarakunan larduna, su fiye da 250, su riƙa yin shekara guda a Edo, shekara guda a gida, matansu da magadansu kuma su zauna a Edo dindindin. Dabara ce ta hana tawaye: wanda iyalinsa ke hannunka, aljihunsa kuma ke zuba a hanya, ba ya da sukunin tara runduna. Amma kowane basarake ya zo da ɗaruruwa ko dubban mayaƙa da barori, waɗanda ba sa noma ba sa saƙa, sai dai su saya. Zuwa farkon ƙarni na 18 mutanen Edo sun kai miliyan guda, abin da ya sa ta cikin manyan biranen duniya na lokacin. Masu ciyar da wannan jama'a da tufatar da ita su ne suka zauna a Nihonbashi.

A tsarin martaba na hukuma, ɗan kasuwa ne a ƙasan kowa: mayaƙi, manomi, mai sana'ar hannu, sannan shi. An sha kafa masa dokar irin tufafin da bai isa ya sa ba. Sai attajiran suka koma sa riga mai duhu marar ado a waje, shafin cikinta kuwa siliki mai tsada. Da yawa daga cikin sarakunan da ke raina su, bashinsu suke ci.

Dattijon da ya kashe taye

Idan akwai mutum ɗaya da ya bar tambarinsa a unguwar, to Mitsui Takatoshi ne. An haife shi a 1622 a garin Matsusaka. Ya koyi ciniki a kantin yayansa a Edo, ya nuna ƙwarewar da ta sa yayan ya mayar da shi gida da sunan kula da mahaifiyarsu. Ya shafe sama da shekara 20 a can yana ba da rance yana tara jari. Sai da yayan ya rasu a 1673, shi kuma ya haura shekara 50, ya buɗe kantin yadi a Nihonbashi mai suna Echigoya.

A zamanin, manyan masu sayar da yadi ba sa jiran mai saye a kanti. Yaransu ne ke ɗaukar kaya su kai gidajen manya, a zaɓa, a yi ciniki, a rubuta. Biya kuwa sau biyu a shekara, tsakiyarta da ƙarshenta. Tunda bashi hanji ne, wani zai jinkirta wani zai cinye, ɗan kasuwa yakan ɗora hasarar a kan kuɗin kaya tun farko, ya kuma yanka wa kowa kuɗi daidai da fuskarsa. Kuma bandir guda ake sayarwa, ba a yankawa.

Takatoshi ya juya abin gaba ɗaya. Ya ce a zo kanti a gani, a biya kuɗi hannu, kuɗin kowane kaya a rubuce yake, ba taye ba ragi, ko wane ne kai. Ya kuma yarda a yanka wa mutum daidai abin da yake so, ko da ƙyallen da zai isa jakar taba ne. Da yake kuɗinsa na dawowa a ranar maimakon bayan wata shida, jarinsa ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara, ya samu damar sayarwa ƙasa da kowa. Matar kafinta da ba ta taɓa tunanin shiga kantin siliki ba ta zama mai saye. Ana ruwa kuma kantin kan ba masu wucewa aron laima mai ɗauke da tambarinsa, sai titi ya cika da tallarsa kyauta.

Abokan sana'arsa ba su yi masa tafi ba. Sun ƙaurace masa, sun matsa masa lamba, har bayan wata gobara ya tashi daga layinsu a 1683 ya koma Surugacho, ƴan taku kaɗan daga gadar. A nan ya ƙara da sana'ar canji, kuma ita ce ta mayar da gidan Mitsui abin da ya zama.

Yadda abin yake shi ne, Edo da zinariya take ciniki, Osaka da Kyoto kuwa da azurfa. Gwamnatin shogun tana tara haraji a yamma, tana buƙatar kuɗin a Edo, ana ɗora su a kan dawaki ana bin hanya da haɗarin ƴan fashi. Shi kuma Mitsui a Kyoto yake saro yadi ya sayar a Edo, don haka kuɗinsa na taruwa a gabas alhali a yamma yake buƙatar su. Daga 1691 aka ba shi, tare da wasu ƴan canji, izinin karɓar kuɗin gwamnati a Osaka ya biya kwatankwacinsu a Edo bayan kamar wata biyu. Tsabar kuɗi ta daina tafiya, takarda kawai ke tafiya, kuma a tsawon wannan wa'adi yana juya dukiyar gwamnati ba tare da biyan ko sisi ba. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa miƙa kuɗi ga wani ɗan kasuwa a Tripoli ko Abidjan, aka ba iyalinsa a gida a ranar, ya san wannan lissafi.

Kantin yadin nan shi ne Mitsukoshi na yau, wanda a 1904 ya ayyana kansa katafaren kanti irin na Turai, na farko a Japan. Har yanzu yana wurin da Takatoshi ya koma. Ɓangaren canjin kuwa ya haifi bankin Mitsui a 1876, daga nan gidan ya bazu cikin ma'adinai, masana'antu da fataucin ƙasa da ƙasa, har sai da Amurkawa suka wargaza rukunin bayan yaƙin duniya na biyu. Kamfanonin sun sake haɗuwa ta wata siga, kuma ɗaya daga cikinsu, Mitsui Fudosan, shi ne babban mai gine-ginen unguwar a yau.

Abin da wuta ba ta ci ba

Wanda ya ji an ce unguwa mai tarihin shekara 400 zai zaci tsofaffin gidaje zai tarar. Babu su. Edo gari ne na katako da takarda, ga iskar hunturu mai bushewa. Gobarar 1657 ta cinye mafi yawan birnin ta kashe dubun dubatar mutane, kuma bayanta an yi wasu da dama. Ita kanta gadar an sake gina ta kusan sau 20. Girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Satumba 1923, wadda ta hallaka sama da mutum dubu 100, ta bar unguwar toka. Aka sake ginawa, jiragen yaƙin Amurka suka sake ƙona ta a 1945.

Duk da haka, a cikin tafiyar minti 15 mutum zai wuce Ibasen, mai sayar da mafici, da ke lissafa asalinsa daga 1590. Zai wuce Ozu mai takardar hannu tun 1653, da Yamamotoyama mai ganyen shayi tun 1690, da Kiya mai wuƙaƙe tun 1792. Akwai ma Saruya, wanda tun 1704 sana'arsa tsinken sakace ne, ana feƙe shi da hannu daga wani icce mai ƙamshi, a jera a akwatin katako a kai wa mutum tsaraba. Yawancinsu yanzu suna ƙasan dogayen benaye na gilashi. Abin da ya tsufa a wurinsu shi ne sunan da ke rubuce a jikin labulen ƙofa, wanda suke kira noren.

Ƴan kasuwar Edo sun ɗauki gobara a matsayin abin da zai zo ko ba daɗe ko ba jima, suka sa ta cikin lissafi. Manyan kantuna na da rumbunan ƙasa masu kaurin bango da ramuka a ƙarƙashin daɓe inda ake jefa kaya in an ji ƙararrawa. Wasu na ajiye katakon gini a tsallaken kogi, an riga an yanka an auna, ta yadda kafin toka ta huce an fara kafa sabon kanti. Littafin bashi kuwa da takardar hannu mai jure ruwa ake yin sa, kuma an ruwaito cewa rijiya ake jefa shi in wuta ta taso, a tsamo daga baya a shanya. Kaya na iya ƙonewa, amma sunayen masu hulɗa da abin da ake bin su na nan.

Babbar barazanar da ta fi wuta ita ce mutuwar mai gida. Takatoshi, wanda ya rasu a 1694, yana da ƴaƴa da yawa, kuma ya san abin da rabon gado ke yi wa jari. Sai ya bar wasiyya aka ƙayyade wa kowa kasonsa a takarda, ƴaƴan kuma suka amince ba za a raba uwar dukiyar ba. A 1710 suka kafa wata majalisar gida da ke riƙe da jarin duka, tana ba kowane kanti abin juyawa, tana karɓar riba, tana yanka wa kowane gida kuɗin cefanensa na shekara. Kamar gandu ne, sai dai na kuɗi, kuma a rubuce. A 1722 aka tsara dokokin gidan, har da gargaɗi kan ba sarakuna rance da kuma yadda za a yi da ɗan da ya lalace.

Sauran kantunan ma suna da tasu hanyar, wadda ba kowace al'umma ce za ta iya haɗiye ta ba. Idan ɗan fari ba shi da kan ciniki, akan tsallake shi. A ɗauko yaron kanti mafi hazaƙa a aura masa ƴar gidan, ya bar sunan mahaifinsa ya ɗauki na surukinsa, ya gaji kantin. A wasu gidajen ma duk wanda ya hau kujerar yakan ɗauki sunan wanda ya kafa, shi ya sa ake jin wane na goma sha kaza. Wannan al'ada ba ta mutu ba. Har a manyan kamfanonin zamani an ga irinta, kamar Suzuki mai motoci da babura.

Su kuwa yaran kanti, rayuwarsu ba abin sha'awa ba ce. Ana kawo su daga ƙauyukan yamma suna da shekara 12 ko 13, su kwana a kantin, su yi shara da aike, da dare su koyi rubutu da lissafi, ba albashi sai ci da sutura. Sai an shekara da yawa kafin a bar yaro ya je ganin gida karon farko. Da dama sukan gudu, ko ciwo ya mayar da su. Wanda ya jure ya hau matakai har ya zama wakilin mai gida, sau da yawa sai ya doshi shekara 40 kafin a ba shi izinin aure da zama a gidansa. Ladan ƙarshe shi ne a sallame shi da jari, a kuma ba shi izinin rataya labule mai tambarin ubangidansa. Ana kiran wannan raba labule. Sunan da aka ba shi ya fi kuɗin daraja, domin da shi ne dillalai za su ba shi kaya bashi tun ranar farko.

Kada a ɗauka duk sun tsira. Shirokiya, wanda aka buɗe a 1662 ya kuma yi gogayya da Echigoya shekaru aru-aru, ya sha gobarar 1932 da ta kashe mutum 14 ya tashi, amma bai tsallake rikicin hannun jari da canjin zamani ba. An canja masa suna a 1967, aka rufe shi a 1999. Ginin kasuwanci na Coredo ne a wurinsa yanzu.

Kifi, da hanyar da ta kai ga farin magi

Gefen arewa na gadar, inda yanzu ofisoshi suke, shi ne kasuwar kifin birnin har tsawon shekara 300. Ieyasu ya kawo masunta daga yankin Osaka domin su riƙa kai kifi fada, aka ba su izinin sayar da ragowar a bakin kogi. Girgizar 1923 ce ta tashe ta. Ta koma Tsukiji, daga can kuma ta koma Toyosu a 2018. Wani ɗan dutsen tunawa ne kawai ya rage a bakin gadar.

Amma masu busasshen kaya sun zauna. Mafi shahara shi ne Ninben, wanda ya samo asali a 1699 lokacin da wani saurayi ya fara baza kaya a kan allo kusa da gadar. Sana'arsa katsuobushi: kifin teku ne da ake dafawa, a cire ƙaya, a yi masa banda sau da yawa, sannan a bar wata irin furfura ta kama shi ana shanyawa ana maimaitawa har watanni. In ya gama, yakan yi tauri kamar icce, in an buga biyu sai su yi ƙara. Ana kankare shi siriri a zuba a ruwan zafi tare da wani ganyen teku mai suna kombu, a samu romon da kusan duk girkin Japan ke tsaye a kansa. A kantin Ninben da ke ginin Coredo Muromachi ana kankarewa a gaban mutane, ana kuma sayar da romon a ƙaramin kofi da kuɗi kaɗan.

Wannan romo yana da dangantaka da tukunyar miyar Maraɗi da Damagaram. A 1908 wani malamin kimiyya na jami'ar Tokyo, Ikeda Kikunae, ya binciki abin da ke ba romon kombu daɗinsa, ya ware sinadarin. Shekara guda bayan haka aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wanda matan gida a nan suka fi sani da farin magi. Hedikwatar kamfanin tana Kyobashi, unguwar da ke manne da Nihonbashi ta kudu, tafiyar ƴan mintuna a ƙafa.

Ga mai niyyar zagayawa

Daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo, minti goma ne a ƙafa. Mai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa ya sauka a Mitsukoshimae, tashar da kantin ya biya kuɗin gina ta a 1932 aka sa mata sunansa. Kafin ya fito, ya tsaya a bangon hanyar tashar, inda aka shimfiɗa kwafi mai tsawon mita 17 na wani zane da ke nuna babban titin unguwar a wajen 1805: kantuna 88 da mutum 1,671, da masu tallar kifi, da mayaƙa, da karnuka. Ainihin zanen yana wani gidan tarihi a Berlin ta Jamus. Rabin awa a gabansa ya fi littafi guda bayani.

Mitsukoshi kan buɗe da ƙarfe 10, ma'aikata a jere suna sunkuya wa masu shigowa na farko. Zakuna biyu na tagulla da ke ƙofar tun 1914 an kwaikwayo su ne daga na dandalin Trafalgar a Landan, kuma nan ne wurin haɗuwar masu alƙawari. Ba dole sai an sayi komai ba. Benen ƙasa, inda ake sayar da abinci, shi kaɗai abin kallo ne. Takashimaya, a kudancin gadar, gininsa na 1933 ne, kuma har yanzu ma'aikata ne ke tuƙa na'urar hawa benensa da hannu. A Sembikiya, mai ƴaƴan itace tun 1834, kankana guda ta wani nau'i mai zaƙi takan haura yen dubu 10, kusan jika 40 na sefa. Ba don a yanka a gida ake sayenta ba, kyauta ce ta girmamawa, kuma takardar da aka naɗe ta da ita na cikin abin da ake biya.

Bayan Mitsukoshi kaɗan akwai babban bankin Japan, ginin dutse na 1896, a daidai filin da maƙerar kuɗin zinariya ta shogun take a da. A tsallaken titi akwai gidan tarihin kuɗi na bankin, shiga kyauta, inda ake ganin faifan zinariyar da su Takatoshi suka yi canji da su. Gabas kuma, a Kabutocho, akwai kasuwar hannun jarin Tokyo da aka kafa a 1878, kusa da inda Shibusawa Eiichi ya buɗe bankin zamani na farko a ƙasar a 1873. Hotonsa ne a sabuwar takardar yen dubu 10 da ta fito a 2024.

Wanda ya gaji da dutse da gilashi ya gangara Ningyocho, inda ƙananan lunguna da masu gasa waina suka fi kama da tsohon gari. A ranakun 19 da 20 ga Oktoba ana cin wata kasuwar dare ta shekara-shekara a kusa da nan, ta wani irin tsimin farin tushe mai zaƙi da ake kira bettara. Musulmi dai ya riƙa tambaya kafin ya ci: romon kifi ba matsala, amma girkin Japan na yawan amfani da giyar shinkafa a miya, naman alade kuma na shiga inda ba a zata ba. Akwai ɗakin salla a tashar Tokyo. A kuma kula, Osaka ma tana da unguwa mai irin wannan rubutu da ake kira Nipponbashi, ta kayan lantarki ce, ba ita ba ce.

Rigimar sararin sama

A 1959 aka ba Tokyo karɓar wasannin Olympics na 1964. Shekara biyar ke nan a gina hanyoyin da za su ɗauki baƙi daga filin jirgi zuwa cikin gari, a birnin da sayen fili daga hannun masu shi kan ci shekaru. Injiniyoyi suka zaɓi bin kan koguna da magudanu, tunda na gwamnati ne, ba mai neman diyya. Haka aka kafa ginshiƙai cikin kogin Nihonbashi aka bi ta kan gadar. A lokacin mutane da yawa alamar ci gaba suka gani. Ba a daɗe ba aka fara nadama. A 1968 mazauna da ƴan kasuwar unguwar suka kafa ƙungiyar kare gadar, suka yi ta kiraye-kiraye shekara da shekaru.

Abin da ya sa aka saurare su a ƙarshe bai rasa nasaba da cewa hanyar ta tsufa, tana ɗaukar motoci masu yawa kullum, kuma dole a sake ta ko ana so ko ba a so. An amince da tsarin, a watan Mayun 2021 aka rufe mashigai biyu na Gofukubashi da Edobashi, aka fara cire su. Ana sa ran buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa a 2035, a kwashe ta saman zuwa 2040. Kamfanin hanyar ne zai ɗauki kaso mafi girma, sai gwamnatin birni, ƙaramar hukuma da kamfanonin gine-gine.

Masu suka na cewa kuɗin sun fi dacewa da gyaran wasu tsofaffin hanyoyi da gadoji a ƙasar da girgizar ƙasa ba ta yi mata nisa. Suna kuma nuni da wanda zai fi cin riba: bakin kogin duk an tsara masa dogayen benaye, ɗaya daga ciki mai tsawon mita 284, kuma darajarsu za ta tashi ranar da aka cire murfin. Sukar tana da ƙamshin gaskiya. Sararin da za a buɗe a kan gadar, benaye ne za su kewaye shi, kuma lungunan da ƙananan gidajen abinci suke su ne ake rushewa domin a samu filin. Taimeiken, gidan abincin da aka kafa a 1931, sai da ya bar gininsa ya koma wani wuri saboda aikin. Tsohon kanti mai suna yakan samu gurbi a ƙasan sabon bene. Mai haya da ba shi da tarihin da za a yi talla da shi, shi ne ba a cika jin labarinsa ba.

A ɗaya gefen kuma, unguwar ta ga abin da zama wuri ɗaya ke jawowa. Cinikin manyan kantuna a Japan ya kai yen miliyar 9,700 a 1991, yanzu bai kai 6,000 ba. Bayan rufe Shirokiya, Nihonbashi ta zama wurin da ke mutuwa da an tashi daga ofis, matasa na can Shibuya da Shinjuku. Sababbin gine-ginen ne suka dawo da mutane ranakun hutu. Ƙasar na da kamfanoni sama da dubu 40 da suka haura shekara 100, amma haihuwa ta ragu, kuma da yawan ƙanana na rufewa ne don ba wanda zai gada, ko ɗa ko suruki.

Ita dai gadar ta 1911 ba za a taɓa ta ba, ramin zai bi ta ƙarƙashin kogin ne. Ta tsallake 1923, ta tsallake 1945, kuma mai lura zai ga tabon bama-baman wuta a jikin dutsen da ake takawa. Rubutun sunanta da ke kan ginshiƙi hannun Tokugawa Yoshinobu ne, shogun na ƙarshe, wanda ya rubuta shi shekara 40 da wani abu bayan an karɓe mulki daga gidansu. Kowane watan Yuli akan tsayar da motoci, ƴan kwana-kwana su kawo ruwa, ma'aikatan kantuna da bankuna da yaran makaranta su fito da buroshi su wanke ta tun daga wannan bakin har wancan, a ɗaga wasu da mota mai tsani su goge allon sunan da aka manna a jikin hanyar saman.